Gasar waƙa ba baƙuwa ba ce a Mafara

1/ Kwanan nan matasanmu suna ta maganar shirya gasar waƙar dandamali ga ɗalibai, wasu kuma na cewa al'adar Turawa ce aka kwaso. Ni ɗan Mafara ne, ban yarda ba. Ku biyo ni cikin wannan zaren.

2/ Mu fara daga gida. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan ƙasar Bakura ne, amma Maradun aka fi danganta shi da ita. Gado ya yi daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma yi amshi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya kafa nasa rukunin.

3/ Sa'idu Faru kuma, Malamin Waƙa, daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito. Shi ne makaɗin Muhammadu Macciɗo, Sarkin Kudu da ya riƙe Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

4/ To ina gasar take? A ƙofar fada mana! Ranar salla ko naɗin sarauta makaɗa kan haɗu, kowa na wasa ubangidansa, yana zambo da habaici ga 'yan adawa. Alƙalai su ne jama'a. Kyautar doki ce, ko riga, ko rawani. Wanda waƙarsa ta zauna a bakin mutane shi ya ci.

5/ Sai gasa ta koma takarda. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga nan muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa.

6/ Gasar kamfanin NNPC na Zariya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. A 2016 BBC Hausa ta ƙaddamar da Hikayata don mata marubuta.

7/ Ku lura da abu guda: waɗannan gasa sun ɗore ne saboda an buga abin da aka rubuta. Su Ɗanƙwairo ma, da rediyo da kaset ba su naɗe muryarsu ba, da yau sai dai labari.

8/ Don haka mai son shirya gasa a Abdu Gusau Poly ko sakandarorin Bakura da Maradun, shawarata uku ce. A bar yara su yi da Hausarsu ta Zamfara, kada a ce sai Kananci. A bayyana ma'aunin alƙalanci tun farko, kada a ce an yi son kai. A naɗi kowace waƙa, a rubuta ta, a adana.

9/ Yaranmu sun ga tashin hankalin 'yan bindiga da gudun hijira da idonsu. Suna da abin faɗi. In ba mu ba su dandali ba, wasu ne za su ba da labarinmu yadda suka ga dama.

Wa zai fara? Ku yaɗa zaren ya kai ga malamanmu.