Kiɗan Na'ura: Daga Chicago da Detroit Zuwa Turai

Duk wanda ya ji kiɗan rawa na na'ura a yau, irin wanda dubban matasa ke cika filaye dominsa a Beljiyam ko Jamus, zai iya rantsewa cewa Turawa ne suka ƙago shi. Mu ma haka muka ɗauka da farko. Amma da muka bi sawun abin, sai ya kai mu unguwannin baƙar fata na biranen Chicago da Detroit a Amurka, wurin samarin da ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa.

Ba mu ce Turai ba ta da hannu ba. Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf ta soma kiɗa da na'urori tun cikin shekarun 1970, kuma a 1977 Giorgio Moroder ya shirya wa Donna Summer waƙar "I Feel Love" a Munich, wadda kusan duk kiɗanta na'ura ce ta yi shi. A lokacin kiɗan disko ne ke tashe. To amma tashen bai yi ƙarko ba. Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Chicago, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya tara jama'a aka fasa tarin fayafayan disko da nakiya, har taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Daga nan kamfanonin faifai suka soma juya wa disko baya.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. A cikin birnin nan dai akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles yake sa faifai tun 1977, kuma mafi yawan masu zuwa baƙaƙen fata ne da ba a maraba da su a wasu wuraren. Da sababbin fayafayai suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙi a kan zaren rikoda yana haɗa su, yana tsawaita inda masu rawa suka fi so. Daga baya ya ƙara musu bugun na'urar ganga. Daga sunan wannan gida ne aka samo sunan kiɗan, wato "house", wanda duk da kamar da ke tsakaninsu a kunne, ba abin da ya haɗa shi da Hausa.

Labarin na'urorin kansu shi ne ya fi ba mu mamaki. Kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urar ganga TR-808 a 1980, sannan TB-303 wadda aka yi domin ta kwaikwayi jita mai kaurin murya. Ƙwararrun makaɗa suka saurara, suka ce wannan ba ganga ba ce, waccan kuma ba jita ba ce. Kasuwa ta ƙi, kamfanin ya daina ƙera su cikin 'yan shekaru kaɗan, suka koma shagunan gwanjo ana sayar da su da araha. A can samarin Chicago suka tsince su. DJ Pierre da abokansa na ƙungiyar Phuture ba su ma san yadda ake sarrafa TB-303 ba, sai suka yi ta murɗa maɓallanta tana fitar da wani irin kuka mai tsami. Ron Hardy ya sa wannan kiɗa a gidan Music Box. An ce da farko masu rawa sun watse, amma ya yi ta maimaita shi a daren har suka dawo. Shi ne aka buga a faifai a 1987 da sunan "Acid Tracks". Wanda ya tuna yadda fiyano ya shigo waƙoƙin finafinan Hausa, masu kalangu suna kallonsa a wulaƙance, zai gane irin wannan raini.

A Detroit kuwa, birnin da masana'antun motoci ke rufewa suna barin mutane ba aiki, wasu abokai uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka haɗa sanyin kiɗan Kraftwerk da zafin kiɗan baƙar fata, aka sami tekno.

Abin takaici, a gida ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Ingila ce ta rungumi kiɗan a 1988, matasa suna kwana suna rawa a rumbunan ajiya da gonaki, ga kuma ƙwayar ecstasy da ta bi taron ta ɓata masa suna, har a 1994 majalisa ta yi dokar da ta bai wa 'yan sanda ikon tarwatsa taron da ake sa kiɗa mai maimaita bugu. A Berlin an fara bikin Love Parade a 1989 da mutane kimanin 150, 'yan watanni kafin faɗuwar katangar birnin. An daina shi bayan turmutsitsin da ya kashe mutum 21 a Duisburg a 2010.

Sa'ad da kiɗan ya koma Amurka da ƙarfinsa wajen 2010, ya koma ne a hannun irin su David Guetta na Faransa da Avicii na Suwidin, kuma da yawa daga masu sauraro ba su taɓa jin sunan Atkins ba. Mu da muke riƙe da alƙalami ya kamata wannan ya dame mu, domin waɗanda suka fara rubuta labarin kiɗan a mujallu mafi yawansu 'yan jaridar Landan ne, ba 'yan unguwar da aka haife shi ba. A 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adun gadonta. Shi kuwa Knuckles, hukumar Chicago ta raɗa wa titin da Warehouse yake sunansa a 2004, ya rasu a 2014, sannan a 2023 aka sa ginin cikin wuraren tarihi da doka ta hana a rushe.