Tarin Fuka Ba Tari: Kumburin Jakar Zuciya da Darasinsa ga Unguwannin New Bell a Duwala

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka gudanar a Afirka kan kumburin jakar zuciya da tsokarta, sannan ta auna shi da yanayin unguwar Nkololoun da unguwannin Hausawa na New Bell a birnin Duwala na Kamaru. Hujjarta ita ce, sunan da muke kiran cutar da shi yana cikin abubuwan da ke jinkirta gano ta.

Gabatarwa

Zuciya tana zaune ne cikin wata jaka mai tantani biyu, tsakaninsu akwai ruwan da bai wuce mililita 50 ba. Idan jakar ta kumbura, sau da yawa kumburin yakan taɓa tsokar da ke ƙarƙashinta. A Turai ƙwayoyin bairos aka fi zargi da haddasa hakan, kuma ciwon yakan lafa cikin makonni. A Afirka kudu da Sahara kuwa, tarin fuka ne kan gaba. Binciken Reuter da abokan aikinsa na 2005 a Afirka ta Kudu ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu ruwa mai yawa a jakar zuciya, tarin fuka ne sanadi.

Abin da bincike ya nuna

A 2004 Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya jagoranci tattara bayanan marasa lafiya 185 da ake zargin tarin fuka ya kama jakar zuciyarsu, daga asibitoci 15 a Kamaru da Nijeriya da Afirka ta Kudu. Cikin wata shida kashi 26 cikin 100 suka rasu. A tsakanin masu alamun ƙanjamau adadin ya kai kashi 40. Gwajin da ya biyo baya, wanda aka buga a 2014 kan mutum 1,400, ya nuna cewa ƙara prednisolone a kan maganin tarin fuka bai rage mace-mace ba. Ya dai rage ƙanƙancewar jakar, amma ya ƙara haɗarin ciwon daji ga masu ƙanjamau.

Ƙwayar cutar takan iso jakar ne daga kaluluwar tsakiyar ƙirji, ba lalle sai huhu ya nuna alama ba. Ruwa ya taru, ya matse zuciya har ta kasa cika da jini. In an yi jinkiri, jakar ta yi kauri ta ƙandare kamar busasshiyar fata, daga nan kuma sai tiyata.

Tattaunawa

A nan ne harshe ya shigo. Mun ce "tarin fuka", don haka mai haki da kumburin ƙafa da ciki, wanda ba ya tari, ba zai kawo wannan cuta a ransa ba, danginsa ma haka. Sai a ce hanta ce, ko shawara, ko sammu. Zazzaɓin yamma da gumin dare kuwa, a gari mai sauro irin Duwala, kai tsaye ake jingina su ga maleriya, a sayi ƙwaya a bakin kasuwa. Idan mai jego ce, akwai wani ruɗanin kuma: tun 1978 Davidson da Parry suka bayyana gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa, kuma a ido alamun cututtukan biyu suna kama.

New Bell ta taso ne a matsayin mazaunin baƙi tun zamanin Jamusawa, kuma har yau cunkoso ne babbar alamarta: ɗakunan haya marasa iska, rumfunan Kasuwar Nkololoun, ga babban gidan yarin Duwala a tsakiyar unguwa. Duk inda numfashi ke cuɗanya haka, tarin fuka ya sami gida. Ɗan kasuwar da ke ci daga cinikin yini kuwa ba ya rufe shago don haki, sai ya kai ga ba ya iya kwanciya.

Abin takaicin shi ne magani yana kusa. Asibitin gundumar New Bell yana cikin unguwa, asibitin Laquintinie na unguwar Akwa ba nisa, kuma hoton eko na zuciya na 'yan mintoci ya isa ya nuna ruwan. Maganin shi ne dai na tarin huhu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol wata biyu, sannan biyun farko wata huɗu. Magungunan ƙanjamau ma kyauta ne a Kamaru tun 2007. Sai dai ga mai wannan ciwo gwajin kaki yakan fito ba komai, kuma a ganina kuskure ne babba a sallami mai kumburi da rama saboda wannan kaɗai. A yi masa hoton ƙirji da na eko da gwajin ƙanjamau a rana ɗaya. Masu wayar da kai a masallatan unguwa da rumfunan kasuwa kuma su riƙa faɗa da Hausa, ƙarara, cewa tibi, wato tarin fuka, takan sauka a zuciya ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba.