Yadda Aka Riƙa Horar da Malaman Makaranta a Ƙasar Haɗeja

Horar da malami ta hanyar sa shi gaban ɗalibai ya daɗe a ƙasar Haɗeja tun kafin boko ya iso. A tsangayu, waɗanda yankin ya yi suna da su wajen fitar da alarammomi da gwanaye, gardi ne ke biya wa kolo da titibiri allo, malam yana gefe yana saurare, in an yi tuntuɓe ya gyara. Kafin gardi ya kafa tasa makarantar ya riga ya shafe shekaru yana koyarwa a ƙarƙashin idon wani.

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, suka sa masarautar cikin Lardin Kano, don haka hanyar malantar boko ta ɗan Haɗeja ta daɗe tana bi ta wasu garuruwa. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka fara shirya malaman da za a rarraba larduna. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce ta riƙa yaye malaman midil, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito suka riƙe alli kafin siyasa. Yaron da ya gama elementare a Haɗeja, in an zaɓe shi, sai ya tafi Midil ta Kano, daga nan kuma kwalejin horon malamai irin ta Wudil, sannan ya dawo En'e ta tura shi ƙauye.

Waɗannan kwalejoji su ne suka ba da takardar malanta mai daraja ta uku da ta biyu. Makarantun kwana ne, tarbiyya da tsanani, kuma gwajin koyarwa shi ne ƙashin bayan karatun. Ɗalibi zai rubuta shirin darasi, ya bayyana manufarsa da matakansa, ya kai wa hedimasta ya sa hannu kafin ya shiga aji. Zai haɗa kayan koyarwa da hannunsa: ƙirare ko duwatsu don lissafi, taswira a kan kwali. Mai dubawa zai zauna a bencin baya da takardarsa, yana lura da yadda ɗalibin ke rubutu a allo, ko yana juya wa yara baya yana magana, ko yana jefa tambaya ga na gaba kaɗai. Wanda ya faɗi wannan gwaji, cin sauran jarrabawa ba ya wadatar da shi. Malamin da ya fito ta wannan hanya iliminsa na littafi ba shi da zurfi sosai, amma ya san riƙon aji, ya kuma iya koyar da kowane darasi na firamare.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya girgiza wannan tsari. Yara sun cika azuzuwa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba, malamai kuwa ba su kai ba. Aka buɗe kwalejoji cikin gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda ba su da horo, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su daga nesa suna bakin aiki. An samu yawa, amma sa ido ya ragu, domin mai dubawa ɗaya ba ya iya zagaya ɗaliban da suka ninka.

A gefe guda kuma, matakin takarda yana ta hawa. Bayan rahoton Ashby na 1960 aka kafa manyan kwalejojin horon malamai, ta Zariya a 1962, ta Kano a 1964, masu ba da takardar NCE bayan shekara uku. Sannu a hankali NCE ta zama mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami, aka rufe kwalejojin daraja ta biyu ko aka mayar da su sakandare. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta zo a 1989, ta rajistar malamai a 1993. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kwalejin Ilimi ta Gumel, wadda aka gada daga tsohuwar Jihar Kano, ta zama babbar mashayar malaman jihar. A 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, kuma da ita ne digirin ilimi ya samu gida a cikin masarautar Haɗeja kanta.

Ɗalibin yau yana karanta tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar yara, tsara manhaja da aunawa, tare da fannin da zai koyar. Kafin a tura shi makaranta yana yin ƙaramin gwaji a gaban 'yan ajinsu, darasi na 'yan mintoci da za a tattauna a gyara, dabarar da ta samo asali daga Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Sannan ya fita gwajin koyarwa na makonni ko na zango guda. Karatun ya fi na dā faɗi, babu shakka, sai dai ana iya kammala shi da 'yan ziyarce-ziyarcen mai dubawa kaɗan, kuma ɗalibai sun fi son a tura su makarantun cikin gari, kusa da kwalta.

Nan ne fadamar Haɗeja ke da nata sharaɗin. A Auyo, Kiri Kasamma da Guri, ambaliyar Agusta da Satumba takan yanke hanyoyi daidai lokacin komawa makaranta, wasu azuzuwan ma su zama mafakar waɗanda ruwa ya kora, kamar yadda aka gani a 2022. Lokacin girbin shinkafa da na kamun kifi, aji yakan rage. Yaro kan zo da Fulatanci ko Badanci ko Manganci a bakinsa, alhali a dā manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da shi da harshen uwa ko na muhallinsa. Ɗalibin da ya yi gwajinsa a tsakiyar garin Haɗeja ko Dutse bai gamu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma sau da yawa makarantun fadamar ne ke jiransa a turin farko bayan an ɗauke shi aiki, inda malamai biyu ko uku ke riƙe da aji shida.