Giyar Hannu ko Otomatik: Tarihin Wata Gardama a Hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma

Hanyar da ta taso daga birnin Katsina, ta ratsa Batagarawa da Kurfi, ta isa Dutsin-Ma, tafiya ce ta kimanin kilomita 60 a kan kwalta, kuma kowace irin mota tana iya bin ta. Wahalar tana farawa ne idan aka sauka daga titi aka nufi ƙauyukan da ke bayan Birchi da Wurma, ko gonakin da ke gefen madatsar ruwa ta Zobe. A can akwai rairayi da rani, taɓo da damina, da ƙoramu marasa gada. Wannan ne ya sa likita ko malamin jami'a ko ma'aikacin gona da ke wannan yanki, idan ya tara kuɗin mota, yakan fi karkata ga mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke cewa tana da okzilari. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin albashi, sai a koma ga wadda aka riga aka hau. Daga nan tambaya ta biyu take tasowa: mai giyar hannu, ko otomatik?

Mai saye yakan ɗauka ra'ayinsa ne kaɗai zai yanke hukunci. Alhali motocin da ya tarar a filin dillalai, da irin gyaran da bakaniken garinsa ya iya, duk tarihi ne ya tsara su tun kafin ya iso.

Zamanin da direba yake malami

Layin dogo ya isa Kano a 1911, wani reshensa kuma ya bi ta Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai biyo ta birnin Katsina ba, balle Kurfi da Dutsin-Ma. Gyaɗa da audugar tsakiyar ƙasar Katsina sai dai jaki da raƙumi, daga baya kuma manyan motoci, su kai su tasha. Saboda haka yankin ya dogara da hanyar mota tun da wuri, kuma hanyoyin na burji ne.

Ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu ɗiyar Yaƙin Duniya na Biyu ce. Sojojin Amurka sun fara amfani da Jeep a 1941. A 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover, wadda ta zama motar jami'an mulki da ma'aikatan En'e da malaman gona da na dabbobi a duk faɗin Arewa. Tuƙa ta ilimi ne mai zaman kansa. Bayan sandar giya akwai wata mai jan kai ta shiga ƙaramar giya, da wata mai rawayan kai ta haɗa tayoyin gaba. Kafin samfurin 1971, giya ta ɗaya da ta biyu ba su da abin da ke daidaita gudun haƙoransu, don haka dole direba ya taka kuloci sau biyu, yana sauraren injin da kunne, in ba haka ba giyar ta yi ƙara.

A wannan zamani ne direba ya samu daraja. Yaron mota yakan shafe shekaru yana wanki da sa waigi da ɗaurin kaya kafin maigidansa ya ba shi sitiyari. Ra'ayin da har yau ake ji a tashoshi, cewa wanda bai iya giyar hannu ba bai iya mota ba, gadon wancan lokaci ne.

Peugeot ta kafa makaranta

A ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta da Faransa ta raina. Shekara 3 bayan haka, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, gwamnatin soja ta lokacin kuma ta mayar da 504 motar hukuma. Fijo, kamar yadda jama'a ke kiran ta, tayoyin baya kaɗai take ja da su, amma tsayinta daga ƙasa da ƙarfin ƙafafunta sun sa ta shiga wuraren da ba a zata ba. Akori-kura samfurin 404 da 504 su ne suka riƙa ɗaukar hatsi da dabbobi da mutane zuwa kasuwannin mako. A Ibadan kuma kamfanin Leyland yana harhaɗa Land Rover.

Shekarun nan su ne na manyan ayyukan karkara: shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, mayar da Dutsin-Ma hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, da ginin madatsar Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wanda aka kammala a 1983. Kowane aiki ya zo da motocinsa, kusan dukkansu masu giyar hannu. Abin da ya fi motocin daɗewa shi ne ilimin da suka bari. An samu zuriyar kanikawa da za su sauke akwatin giya a ƙarƙashin bishiya da safe, su canza faifan kuloci, su mayar kafin la'asar. Kayan gyara kuwa suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

A ɗaya gefen, Japan tana tahowa. Toyota ta ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, ta raɗa mata wannan suna a 1954, sannan ta fito da Hilux a 1968. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, sojojin Chadi a kan waɗannan motoci suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota. Sunan da motocin suka yi a Sahel ya samo asali ne daga sauƙin ƙirarsu, kuma giyar hannu tana cikin wannan sauƙi.

Daga Beljiyom zuwa Amurka

A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira 1 ba. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, dala ta koma wajen naira 4, ta ci gaba da hawa. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gurbinsu sai tsofaffin motocin Turai suka cike, waɗanda Yarabawa suka kira tokumbo, wasu kuma Beljiyom, saboda yawancinsu daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf ake loda su. Da yawa ta Kwatano suke sauka, a bi da su ta Nijar, su ɓullo ta Maraɗi da Jibiya. Katsinawa sun san wannan ciniki ciki da waje.

Sauyin bai girgiza kanikawa ba da farko, domin a lokacin Turai ƙasar giyar hannu ce: mai yana da tsada a can, injinan ƙanana ne. Amurka kuwa ta bi wata hanya dabam tun tuni. Kamfanin General Motors ya fito da giyar Hydra-Matic a cikin Oldsmobile samfurin 1940, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan sababbin motocin ƙasar otomatik ne. A yau masu giyar hannu ba su kai 3 cikin 100 na sababbin motocin da ake sayarwa a can ba.

Da dillalan Nijeriya suka juya ga kasuwannin gwanjon Amurka a shekarun 2000, sai filayen sayar da motoci suka cika da Highlander da Lexus RX da 4Runner da Pathfinder, kusan duk otomatik. Mai saye a Katsina bai zaɓi wannan ba. Abin da Ba'amurke ya gama hawa ne ya iso gare shi. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, kusa da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya ƙara yawan ma'aikata masu tuƙa kansu, maza da mata, waɗanda ba su bi ta makarantar yaran mota ba. A wurinsu otomatik rahama ce. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun daɗa tsadar kowace mota, har gyaran tsohuwa ya fi sayen wata muhimmanci.

Abin da ke cikin akwatin

A giyar hannu, faifan kuloci ne ke haɗa injin da tayoyi. A otomatik irin ta gargajiya, mai ne ke ɗaukar ƙarfin: injin yana juya wata farfela a cikin tukunya mai cike da man giya, man kuma ya juya farfela ta biyu. Kusan duk bambancin da ke tsakaninsu daga nan ya fito.

A cikin rairayi otomatik ta fi, ko da tsofaffin direbobi ba sa son jin haka. Ƙarfinta ba ya yankewa lokacin canjin giya, alhali mai giyar hannu da zarar ya taka kuloci a tsakiyar yashi motar ta rasa gudu ta nutse, in ya dage kuma ya ƙone faifan. Sai dai wannan ja yana dafa man giya, kuma zafi shi ne babban abin da ke kashe otomatik, musamman a watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40. A gangara da kaya mai nauyi giyar hannu ta fi riƙe mota ba tare da an gajiyar da burki ba.

Idan batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, mutum 3 za su tura mai giyar hannu ta tashi, muddin akwai ɗan sauran wuta. Otomatik ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa yana lalata akwatin, domin famfon mansa ba ya aiki idan injin a kashe yake. A da wannan batun jinkiri ne kawai. Tun da matsalar ƴan bindiga ta addabi ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, har gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, mutuwar mota a daji bayan magariba ta zama batun rai.

Ta fuskar kuɗi, faifan kuloci abu ne da ke cinyewa a canza shi da araha. Akwatin otomatik idan ya lalace, mafi yawan lokuta sai dai a sayo wani tsohon a ɗora, ba a san tarihinsa ba. Game da shan mai, wanda ya zama abin lissafi tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, tsofaffin otomatik masu giya 4 sun fi sha, amma na zamani masu giya 6 ko 8 sun kusan cike wannan giɓi.

Akwai kuma ruɗanin da ya fi na giya girma. Hilux da Land Cruiser suna da ƙaramar giya ta fita daga taɓo da hawan tudu. Highlander da RAV4 da makamantansu ba su da ita: motocin kwalta ne da ke tura wa tayoyin baya ɗan ƙarfi idan na gaba sun sulɓe, wasu ma na gaban kaɗai suke ja da su. Wanda ya sayi irin wannan don shiga gona da damina ya sayi rariya, ya kuwa san za ta zubar da ruwa.

Gwajin da tarihi ya wajabta

Tunda yawancin otomatik daga gwanjo suke, cikinsu har da waɗanda ambaliya ta shanye a guguwar Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, binciken mai saye daga lambar jikin mota mai harafi da alƙalami 17 yake farawa, domin da ita ake gano tarihin motar Amurka a intanet. Sai man giya. A mafi yawan motoci lafiyayye ja ne garai. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri ya sha zafi. Wanda ya yi kalar madara ruwa ya shige shi. Ana gwada motar ne bayan ta yi zafi, a lura ko tana jinkiri ko zabura wajen shiga giya. Nau'in da ake kira CVT, mai aiki da bel ko sarƙa, yana da mansa na musamman, kuma ba ya jure jan kaya a yashi. Mai giyar hannu kuwa, idan aka taka totur a babbar giya injin ya yi ihu motar ba ta ƙara gudu ba, kulocin ya ƙare. Okzilari a kan ƙasa ake gwada shi, domin irin na Hilux idan aka sa shi a busasshiyar kwalta yana ɗaure ƙafafun motar.

Wanda aikinsa ke tsakanin Katsina da Dutsin-Ma da Kano, otomatik mai tarihi sananne za ta hutar da shi. Wanda ke kwana a ƙauye, ko yake ɗaukar taki da hatsi, ko motarsa ke hannun direbobi dabam-dabam, har yanzu giyar hannu ce ta fi dacewa da kanikawan da zai samu a kusa.

Sai dai wannan shawara tana da wa'adi. Land Rover ta daina ƙera tsohuwar Defender a Janairun 2016, sabuwar da ta gaje ta kuma otomatik ce zalla. A 2023 Toyota ta sa otomatik a Land Cruiser samfurin 70, wadda aka daɗe ana ɗaukarta uwar masu giyar hannu. Abin da ake ƙerawa yau shi ne zai iso filayen dillalan Katsina nan da shekara 10 ko 15. Kanikawan zamanin Fijo sun samu masana'anta a Kaduna da ta horar da magabatansu. Motocin da ke tafe kuwa suna buƙatar na'urar bincike ta kwamfuta da sanin nau'o'in mai. Ko garejin Kurfi da na Dutsin-Ma za su samu wannan horo, ta hannun makarantun fasaha ko ƙungiyoyin kanikawa, shi ne zai nuna irin motar da ma'aikacin karkara zai iya amincewa da ita a shekaru masu zuwa.