Babbar Majalisar Ekklesiyarmu da Nauyin da ke Bisa Wakili

Mu da aka aike mu wakilai zuwa Babbar Majalisar Ekklesiyar Lutheran ta Kamaru muna so mu tuna muku asalin wannan taro, gama wanda bai san mafarin abu ba, da wuya ya riƙe shi da daraja.

Da fari ba ekklesiya ɗaya ba ce, mishan biyu ne. Adolphus Gunderson, mutumin Amurka wanda ya riga ya yi aikin Bishara a Nijeriya, ya iso Kamaru cikin 1923 tare da matarsa da waɗansu mata biyu. Suka zauna a Mbula kusa da Maiganga, cikin Gbaya. Cikin 1925 kuma mutum huɗu suka zo daga Norwe, suka sauka a Ngaundere, garin Lamiɗo. Daga nan aikinsu ya bazu cikin Mbum da Dii da Bute da Tikar. Kowace mishan da nata tashoshi, da nata makarantu, da nata harsuna. Mai bi na Maiganga da mai bi na Tibati baftisma ɗaya ce gare su, amma ba su da inda za su zauna su yi shawara tare.

Shekaru suka wuce, masu bi suka ƙaru. Aka buɗe asibitin Ngaundere cikin 1957, da makarantar koyon aikin fasto a Maiganga cikin 1958. Sa'an da aka fara samun fastoci 'yan ƙasa, tambaya ta taso: wa zai riƙe ragamar aikin nan? Cikin 1960, shekarar da Kamaru ta sami mulkin kai, wakilan ɓangarorin biyu suka taru a Ngaundere suka zama ekklesiya ɗaya. A lokacin har da 'yan'uwanmu na Afirka ta Tsakiya a ciki, sai cikin 1973 suka tsaya da ƙafafunsu, suka kafa tasu majalisa.

Tun daga ran nan, maganar da a dā akan yanke a gidan Bature, yanzu a gaban wakilai akan yanke ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyayenmu na fari sun zo taro da ƙafa, da keke, da bayan babbar mota, gama jirgin ƙasa bai kai Ngaundere ba sai 1974. Waɗansu ba su jin Faransanci, sai da tafinta. Duk da haka suka zauna, suka ji juna, suka ɗaga hannu.

Mene ne aikin wakili? Ba yawon ganin gari ya je ba. Jama'arsa ce ta zaɓe shi, bakinta ne shi. Yakan saurari labarin aikin kowane yanki, ya ji lissafin kuɗin baiko da yadda aka kashe shi, ya yi tambaya inda bai gane ba. Yakan sa hannu cikin gyaran dokokin ekklesiya da zaɓen shugabanni. Ta wurin shawarar Majalisa ne aka soma kiran shugaban ekklesiya bishop, Thomas Nyiwe ne na fari. Majalisa ce ta zaɓi Ruben Ngozo cikin 2013, da Jean Baiguele cikin 2021. Ita ce kuma, bayan doguwar muhawara, ta yarda a naɗa mata fastoci, aka naɗa na fari cikin 2012.

Ba mu ɓoye muku ba, gwaji mafi girma a wurin taro shi ne kabilanci. Ran zaɓe zuciya takan ce, "Ka tsaya wa ɗan garinku." Amma idan kowane wakili ya bi harshensa, abin da aka haɗa cikin 1960 zai koma gutsu-gutsu, ya fi na dā rarrabuwa. Tsintsiya ɗaure take shara. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 15: manzanni da dattawa sun yi gardama ƙwarai a Urushalima, ba su kuwa tashi ba sai da bakinsu ya zama ɗaya, suka kuma aika da mutane su kai maganar wurin 'yan'uwa.

Haka ya wajaba gare mu. Aikin wakili bai ƙare da addu'ar rufe taro ba. Sai ya koma gida ya faɗa wa jama'a dukan abin da aka yanke, har da wanda shi kansa bai goyi bayansa ba, ya kuwa riƙe shi da aminci.

Ku kuma da kuke aike mu, kada ku zaɓi mutum domin dukiyarsa ko domin danginsa. Ku zaɓi mai tsoron Allah, mai haƙurin sauraro, ku raka shi da addu'a. Ubangiji wanda ya haɗa mu daga harsuna da yawa, shi riƙe mu ɗaya har ranar zuwansa. Amin.