Daga Tashar Jirgi Zuwa Jami'a: Yadda Kano Ke Koyon Zama da Bambanci

Duk wanda ke son fahimtar yadda ɗalibai mabambanta ƙabila da addini ke zaman tare a manyan makarantun Kano, sai ya soma daga tashar jirgin ƙasa, domin ta nan ne mafi yawan baƙin zamani suka shigo birnin.

Asalin lamarin

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Tun kafin nan, Fagge zango ce ta ayarin fatake da Buzaye masu raƙuma, a wajen ganuwa. Amma jirgi ya zo da baƙi na daban: akawuna da ma'aikatan dogo da 'yan kasuwa Yarbawa da Ibo, galibinsu Kiristoci. Wajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe musu Sabon Gari. Aka haɗa mutane a kasuwa, aka raba su a unguwa da makaranta. Ilimin boko ya yi ƙarfi a Sabon Gari, ya yi ƙaranci a cikin birni, kuma wannan tazara ta daɗe tana haifar da zargi.

An ga sakamakonta a rikicin Mayun 1953, da kashe-kashen 1966 waɗanda suka kai har cikin tashar jirgin, da tarzomar Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Sai dai Sabon Garin nan ne kuma matasa takwas suka zauna a Agustan 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Bello Ijumu, Bayarabe daga yankin Kabba. Zaman tattaunawa tsakanin jinsuna ba baƙon abu ba ne a Kano.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta raba daidai tsakanin sassan ƙasa a hukumomin tarayya, sashe na 42 kuma ya haramta wariya saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko wurin asali. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Akwai kuma hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019.

Amma doka kujera take bayarwa, ba ta bayar da amana. Ɗalibin da aka haifa a Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sau da yawa takardar shaidar ɗan ƙasa tana mayar da shi ƙauyen kakansa da bai taɓa gani ba, idan aka zo batun tallafin karatu ko guraben aiki.

Inda ake tattaunawa

Jami'ar Bayero, wadda ta faro a matsayin kwaleji a 1960 ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da cibiyoyi biyu da suka shafi wannan aiki: Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano, inda ake nazarin dimokuraɗiyya da shirya tarurrukan muhawara, da kuma cibiyar nazarin wayewar Musulunci da tattaunawa tsakanin addinai. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna, sun kafa cibiyar sasantawa a 1995.

Tattaunawa irin wannan ba gasar kayar da juna ba ce. Zama ne da ake maimaitawa, a ƙananan rukunoni, da mai jagoranci da ɓangarori suka yarda da shi, inda kowa ke faɗar abin da ya same shi, saura kuma su saurara.

Dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci

Rikicin Kafanchan na Maris 1987 a kwalejin ilimi ya faro, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. A ranar 29 ga Afrilun 2012 'yan bindiga sun kai hari kan Kiristoci masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Wutar da ta kama a makaranta ba ta tsayawa a bakin ƙofa.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓanin ba zai ƙare ba. Abin dubawa shi ne ko ƙungiyoyin ɗalibai, na addini da na jiha, suna da teburin da suka saba zama a kai tun kafin rai ya ɓaci.