Yadda Baitalami Ya Koma Bedlam

A shekarar 1247 wani attajiri daga cikin manyan birnin Landan, mai suna Simon FitzMary, ya ba da filinsa da ke Bishopsgate, bayan ganuwar birni, domin a gina gidan ibada na limaman Kirista. Aka raɗa wa gidan sunan Maryamu ta Baitalami, wato garin da aka haifi Annabi Isa, domin aikinsa na farko shi ne tara sadaka a aika wa majami'ar can. A wancan zamani babu abin da ya haɗa shi da mahaukata.

Sannu a hankali gidan ya zama masaukin gajiyayyu da marasa lafiya. Wani bincike da aka yi a 1403 ya tarar da maza shida masu taɓin hankali a ciki, tare da sarƙoƙi da mari. Sunan ma bai tsira ba, don bakin mutanen Landan ya yi ta gutsure shi: Bethlehem ya koma Bethlem, Bethlem ya koma Bedlam.

A 1676 aka mayar da asibitin Moorfields, cikin wani katafaren gini da Robert Hooke ya zana, wanda daga waje sai a ce fadar sarki ce. Bisa ƙofarsa aka ɗora gumaka biyu na dutse, ɗaya mahaukaci tuburan ɗaure da sarƙa, ɗaya kuma wanda baƙin ciki ya kwantar. A nan ne sunan ya ƙarasa ɓaci. Duk mai 'yan kuɗin sakawa a akwatin sadaka yana iya shiga ya yi kallon majinyata, kamar mai zuwa kallon wasan kura. Hukumar asibitin tana ganin hanya ce ta jawo taimako, amma da yawa daga masu zuwa nishaɗi ne ya kawo su. Har yau Bature kan kira duk wurin da hayaniya da hargitsi suka kaure da sunan bedlam.

An hana wannan kallo a 1770. Sai dai rufe ƙofar ya rufe har da idon jama'a. A 1814 masu ziyara suka iske wani Ba'amurke, James Norris, da zoben ƙarfe a wuya, ɗaure jikin sandar ƙarfe, ya yi kimanin shekara goma a haka. Labarinsa na cikin abin da kwamitin majalisar dokoki ya bincika a 1815, shekarar da aka koma sabon gini a Southwark.

A 1930 asibitin ya sake ƙaura zuwa kusa da Beckenham, inda yake aiki har yanzu da sunan Bethlem. Ginin Southwark ya zama gidan tarihin yaƙi tun 1936, gumakan nan biyu kuwa suna ajiye a gidan tarihin asibitin.